Asansar: yadda na'urar hawa bene take aiki da dalilin duba ta a kai a kai

Asansar, wanda a Najeriya ake kira lif, ɗan ɗaki ne na ƙarfe da ke hawa da sauka da mutane ko kaya a cikin dogon bene. A garuruwan karkara irin su Yelu, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, ba a saba ganinsa ba, domin babu benayen da ke buƙatarsa. Amma mutumin Yelu da ya kai majinyaci babban asibiti a Yamai, da ɗan kasuwar da ke zuwa Kwatano ko Legas, da alhajin da aka sauke a masauki mai hawa da yawa a Makka, duk sai sun shige shi. A Yamai kuwa, inda aka ƙara samun manyan gine-gine kamar otal ɗin Radisson Blu da aka buɗe a 2019 gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka, akwai ma'aikatan da kullum da shi suke isa ofis.

Abin da ke riƙe da shi

Yawancin mutane suna ɗauka igiya ɗaya ce ke riƙe da ɗakin, kamar guga a bakin rijiya, in ta tsinke shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Igiyoyin ƙarfe ne da dama, sun ratsa ta kan wata taya mai kwarmi da inji ke juyawa. A ɗaya ƙarshen an rataya wani nauyi da ya kai nauyin ɗakin haɗe da kusan rabin kayan da aka ƙayyade masa, don kada inji ya wahala. Ƙa'idar Turai ta ce inda igiyoyin suka kai uku, ƙarfinsu ya ninka nauyin da suke ɗauka sau 12. Birkin injin kuma sifirin ne ke matse shi, wutar lantarki ce ke sake shi. Saboda haka idan aka ɗauke wuta, asansar tsayawa yake yi cak, ba faɗuwa ba.

Akwai kariya ta gaba. Wata na'ura tana auna gudun ɗakin. Da zarar ya zarce gudun da aka tsara da kashi 15 cikin ɗari ko fiye, sai ta ja wasu haƙoran ƙarfe su damƙe dogayen ƙarafan da ɗakin ke bi. Faransawa na kiran wannan birki farashut. Asalinsa daga Ba'amurke Elisha Otis ne, wanda a 1854 ya hau wani dandamali a wurin baje koli a birnin New York, ya sa aka yanke igiyar a gaban jama'a, dandamalin ya tsaya. A 1857 aka kafa asansar ɗin fasinja na kamfaninsa na farko a wani kanti a birnin, sannan Bajamushe Werner von Siemens ya nuna mai aiki da lantarki a 1880.

Matsalar ita ce farashut yana iya shekaru bai yi aiki ko sau ɗaya ba. In tsatsa ko ƙura ta cushe shi, ba wanda zai sani, sai ranar da aka buƙace shi. Wannan ne ya sa dokokin ƙasashe ba su bar dubawa ga ganin damar mai gini ba.

Kulawa daban, bincike daban

Ayyuka biyu ne da ake yawan cakuɗawa. Na farko kulawa ce ta yau da kullum, wadda makanikin kamfanin da aka yi kwangila da shi ke yi: ya share, ya sa mai, ya duba birki da igiyoyi, ya gwada makullan ƙofofi, ya tabbatar ɗakin na tsayawa daidai da daɓen kowane hawa, ya danna ƙararrawar neman agaji ya ji ko tana kaiwa ga wani. Na biyu bincike ne na wani ƙwararre daga waje, wanda ba shi da hannu a aikin gyaran. Shi ne ke rubuta rahoto, ya kuma ce a dakatar da na'urar in ya ga haɗari. Dalilin raba su a fili yake: wanda ake biya ya yi gyara ba shi ya kamata ya yi wa aikinsa shaida ba.

A Faransa an tsaurara doka bayan wani yaro ɗan shekara huɗu ya faɗa ramin asansar ya rasu a Strasbourg a 2002. Dokar ranar 2 ga watan Yuli na 2003 da ƙa'idojin da suka biyo baya a 2004 sun wajabta wa mai gini makaniki ya zo aƙalla sau ɗaya a kowane mako shida, a duba igiyoyi duk wata shida, a duba farashut duk shekara, sannan a yi babban bincike mai zaman kansa duk shekara biyar. A Birtaniya dokar 1998 ta ce asansar ɗin wurin aiki da ke ɗaukar mutane a yi masa cikakken bincike duk wata shida, mai ɗaukar kaya zalla kuma duk wata 12. A Nijar, dokar ƙwadago ta ranar 25 ga watan Satumba na 2012 ta ɗora wa mai aiki alhakin kare rai da lafiyar ma'aikatansa, sufetocin ƙwadago ne ke sa ido, hukumar CNSS kuma ita ke ɗaukar nauyin wanda haɗari ya rutsa da shi a bakin aiki in yana da rajista.

Yanayin Sahel ya fi wahalar da na'urar

Waɗannan wa'adodi an tsara su ne a ƙasashe masu sanyi da wuta tsayayya. Ƙa'idar Turai ta ɗauka zafin ɗakin inji ba zai wuce digiri 40 ba, alhali a Yamai ko Gaya zafin waje kansa yana haura haka a watannin Afrilu da Mayu, balle ɗakin da ke ƙarƙashin rufi. Zafi yana lalata allon lantarkin da ke sarrafa na'urar. Ƙurar hunturu tana cika kwarmin da ƙofa ke bi, ta haɗu da mai ta zama kamar yashi mai cin ƙarfe. Da damina ruwa kan taru a ramin ƙasa, ya jawo tsatsa.

Sai batun wuta. A farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da kamfanin Nigelec ke rabawa, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Kowace ɗaukewa da dawowar wuta tana bugun na'urar. Akwai batir na musamman da ke kai ɗakin hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa in wuta ta tafi, sai dai shi ma yana mutuwa shiru in ba a gwada shi. Kayan gyara kuwa daga waje ake odarsu, kuma a wannan jira ne wasu ke yin dabarar da ta fi kowace haɗari: su haɗa waya su tsallake makullin ƙofa don asansar ya ci gaba da aiki. Daga nan ɗakin zai iya tashi ƙofa a buɗe, ko ƙofar hawa ta buɗe alhali ɗakin ba ya wurin.

Abin da ya faru a Legas ranar 1 ga watan Agusta na 2023 ya nuna ƙarshen sakaci. Asansar ɗin gidan kwanan likitoci na babban asibitin Odan, a tsibirin Legas, ya rufto daga sama da wata matashiyar likita a ciki, ta rasu. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kai kuka game da na'urar. Ƙungiyar likitoci ta shiga yajin aiki, gwamnatin jihar ta kori kamfanin da ke kula da ginin.

Alamomin da mai shiga zai lura da su

A cikin kowane asansar akwai allon da ke nuna nauyi da yawan mutane. Ana lissafa kilo 75 ga mutum ɗaya, shi ya sa mai kilo 630 yake ɗaukar takwas. Buhun shinkafa ko na siminti mai kilo 50 shi ma yana cikin lissafi. Tsayawa sama ko ƙasa da daɓe, ƙofa mai bugun mutum ba ta koma baya ba, fizga lokacin tashi, ƙarar gogar ƙarfe da ƙaurin waya, duk abubuwa ne da za a gaya wa mai kula da ginin nan take. Ma'aikaci ko wakilin ma'aikata yana iya neman ganin littafin da makaniki ke sa hannu, ya duba ranar zuwansa ta ƙarshe.

In asansar ya maƙale, a danna ƙararrawa ko a kira da salula, a jira. Ɗakin yana da kafofin iska, numfashi ba ya ƙarewa. Kada a ɓanɓare ƙofa, kada kuma waɗanda ke waje su jawo mutum ta tsakanin hawa biyu, domin ƙarƙashin ɗakin rami ne, kuma in wuta ta dawo na'urar na iya motsawa. Makaniki ko 'yan kwana-kwana ne ke fara kashe wutar injin kafin su fitar da kowa. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar ita ce 18. Idan gobara ta tashi a bene, matakala ake bi.