Tajuddini na al-Maghili da Hakiman Kudancin Kano

Makarantun koyon lauya kan baje kolin Magna Carta ta 1215, wadda ta ɗaure sarkin Ingila da doka. Ƙasar Hausa ma tana da tata. Wajen 1493 Shehu al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa Tajuddini, babi takwas, ya wajabta masa zama kullum inda mata da yara za su iya kai kuka, da ƙididdige dukiyar ma'aikatansa. Sai dai nasihar malami ce, ba ta kafa majalisar da za ta tuhumi sarki in ya saɓa ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya shigar da ita cikin Liya'us Sulɗan, ta zama ma'aunin mulki bayan jihadi. Da ita ya kamata a auna hakiman da Kano ta riƙa naɗawa a Birnin Kudu da Gwaram kafin ƙirƙiro Jigawa a 1991.