Bin Salsalar Gida a Ƙasar Hausa: Madogara da Matsaloli

A 'yan shekarun nan ana samun mutanen da ba tarihi suka karanta ba, amma sun duƙufa wajen bin salsalar gidajensu don sha'awa. Manufar wannan maƙala ita ce a duba madogaran da irin wannan mai bincike zai samu a ƙasar Hausa, da kuma inda kowannensu ya gaza.

Matsala ta farko tana cikin tsarin suna. Bahaushe ba ya da sunan dangi da ake gada daga kaka zuwa jika. Da sunan mahaifi ake sanin mutum, ko da garinsu, ko da sana'arsa. Bugu da ƙari, alkunya takan hana mace faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai laƙabi ya danne sunan yanka. Saboda haka talaka da wuya ya iya lissafa kakanninsa fiye da uku ko huɗu. Gidajen sarauta da na malamai su ne suka adana dogayen salsaloli, domin a wurinsu salsala hujja ce ta neman gadon sarauta ko limanci.

To amma ko rubutattun madogara ba su kuɓuta daga saɓani ba. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna Wangarawa sun iso Kano daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Shi kuwa littafin Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650, Muhammad al-Hajj kuma ya buga shi a 1968, ya sanya isowar wannan malami a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Tsakanin ruwayoyin biyu akwai tazarar kusan shekara ɗari. Wanda ya jingina asalinsa ga Wangarawa tilas ya auna su duka biyu, kada ya ɗauki wadda ta fi yi masa daɗi kawai.

Madogara ta biyu ita ce abin da Hausawa ke kira asali, wanda tsage da kirari da sunan unguwa suke tabbatarwa. A littafinsa kan fataucin goro zuwa Gwanja, wanda ya fito a 1980, Paul Lovejoy ya bi diddigin rukunoni uku na fatake: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ya nuna cewa rukunoni biyun farko sun samo tushe daga Bugaje, wato talakawa da barorin Azbinawa, waɗanda suka gangaro ƙasar Katsina da Kano a ƙarni na 18 da na 19, suka zama Hausawa, suka kuma yi fice a kasuwanci. Darasin da ke nan shi ne, asali yakan ginu ne a hankali ta hanyar ƙaura da auratayya da sana'a, kuma labarin da zuriya ke bayarwa yau yakan bambanta da yadda abin ya fara.

Wannan ya kawo batun da ya fi nauyi, wato bauta. Ba a soke ta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Da yawa daga cikin mazauna rumada da ƙwaraƙwaran gidajen manya an raba su da sunayensu da garuruwansu na asali. Mai bincike na iya tarar da cewa shirun da dattawa suka yi a kan wata kaka da gangan ne. Tona irin wannan na iya shafar aure da mutuncin rayayyu, don haka sanin gaskiya daban, yaɗa ta kuma daban.

Ƙaura ma ta yanke salsaloli da dama. Bayan kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, a garin da ke ɗauke da sunansa. Haka nan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da sauran zangunan ƙasar Gana ta yau. Rabin tarihin wasu gidajen Kano da Sakkwato yana can.

Ga mai son farawa, Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana ɗauke da rahotannin kimanta haraji na Turawan mulki, inda ake samun jerin hakimai da dagatai, Arewa House kuma tana da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Gwajin ƙwayoyin gado na zamani yana iya nuna yankin da mutum ya fito, amma ba ya faɗin sunan kowa. Abin da ya fi gaggawa shi ne ɗaukar maganar tsofaffin mata na gida, domin su ne suka riƙe labarin aure da haihuwa da goyo, kuma takardu za su iya jira, su kuwa ba za su jira ba.