Yadda Farin Ƙwaro Ya Koma Baƙi a Ingila

A shekarar 1848, wani mai sha'awar tara ƙwari a birnin Mancesta na Ingila, R. S. Edleston, ya samu wani ƙwaro baƙi ƙirin, ya adana shi, ya rubuta inda ya same shi. Ƙwaron ɗan uwan malam-buɗe-littafi ne, sai dai shi da dare yake tashi, da rana ya lafe a jikin bishiya. Masana na kiransa Biston betularia. Abin da ya ɗaure kai shi ne, kowa ya san shi fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, kamar an barbaɗa masa masoro.

Zuwa 1895, kusan 98 cikin 100 na wannan ƙwaro a Mancesta baƙaƙe ne. To, me ya faru? Ba hayaƙi ne ya rina su ba. Masana'antu ne ke ƙona kwal, kunkunniya ta lulluɓe bishiyoyi. A 1896, J. W. Tutt ya ce tsuntsaye ne ke tsince fararen da suke hangowa a kan baƙin itace, baƙaƙen kuma su saje, su tsira, su hayayyafa.

Bernard Kettlewell ya gwada wannan a 1953 da 1955. Ya yi wa ƙwarin alama, ya sake su, ya sake ɗana musu tarko. A dajin da ke kusa da Birmingham mai hayaƙi, baƙaƙe ne suka fi tsira. A Dorset mai iska mai tsabta kuwa, farare ne.

Daga baya an soki tsarin gwajin nasa. Sai Michael Majerus ya shafe shekaru daga 2001 yana sakin ƙwari 4,864 a kusa da Kambirij, yana lura da waɗanda tsuntsaye suka ci. Sakamakon ya fito a 2012, bayan rasuwarsa, ya kuma gaskata Tutt. Kafin nan, dokar tsabtace iska ta 1956 ta rage hayaƙi, farare sun sake rinjaye.

Ka ga, da masu tara ƙwarin nan ba su rubuta wuri da shekara ba, da babu mai iya cewa ga lokacin da launin ya sauya. In ka ɗauki hoton ƙwaro a gindin fitila, ka haɗa da kwanan wata da sunan garin.