Daga Awon Inuwa Zuwa Agogon Hannu a Ƙasar Gusau

Tun kafin a ji ƙarar agogo a ƙasar Zamfara, sanin lokaci wani reshe ne na ilmin furu'a, wanda ba ya halatta ga ɗalibi ya tsallake shi, domin kuwa salla ba ta inganta sai da shigar lokacinta, azumi kuma ba ya ƙulluwa sai an rarrabe alfijir na gaskiya da na ƙarya. A 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai da ke ƙasar Tsafe, da kuma zaurukan Gusau, garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa a farkon ƙarni na 19, almajiri yakan iske babin lokutan salla a cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Halilu, kuma ba a ɗaukarsa ya fahimci babin sai ya iya fita fili ya nuna shi a aikace.

Yadda ake yi kuwa shi ne, ladan ya tsaya a wuri mai baje, ya juya wa rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, sa'an nan ya taka zuwa wurin yana jera dunduniya a bakin yatsu, yana ƙirgawa. An ƙiyasta tsawon mutum da tafin ƙafarsa bakwai. Idan inuwa ta gama raguwa ta soma ƙaruwa, zawali ya yi, azahar ta shiga. Idan kuma ta ƙaru da tsawon mutum guda a bisa inuwar da aka samu a zawali, to la'asar ta yi. Wahalar hisabin tana ga inuwar zawalin nan, saboda ba ta tsayawa a hali guda: da hunturu takan yi tsawo ta karkata arewa, alhali wajen ƙarshen Afrilu da cikin Agusta rana kan tsaya bisa tsakar ka sosai a wannan yanki, har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Da dare kuwa sai a koma ga taurari, a san sulusin dare da matsayinsu, a san asuba da fitowar Gamzaki, manoman Bunguɗu da Kwatarkwashi kuma su nemi masana manzilolin wata 28 don su ji ko lokacin shuka ya gabato.

Sarakuna ma ba a bar su a baya ba cikin wannan fanni. Sa'ad da Baturen Birtaniya Clapperton ya ratsa ta Zurmi ya isa Sakkwato a 1824, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na'urarsa ta awon tsayin rana, sai ya tarar da Sarki ya san buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Da ya komo a 1826, cikin kyautar da ya kawo har da littafin handasa na Uƙlidisu da harshen Larabci. Wannan gado ne mai dogon asali a Musulunci, domin Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa ya kasance yana da ma'aikata na musamman masu kula da lokuta, kuma mafi shahara a cikinsu, Ibn Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, ya ƙera wa hasumiyar masallacin agogon rana na marmara.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne jirgin ƙasa. Inuwa tana ba kowane gari lokacinsa na kansa, jirgi kuwa ba ya tafiya lafiya sai dukkan tashoshi sun yi ittifaƙi a kan sa'a guda. A 1919 aka ɗora Nijeriya baki ɗaya a kan lokacin da ya riga na Landan da sa'a guda, kuma da hanyar dogo ta taso daga Zariya ta biyo ta Funtuwa da Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai wannan lokacin hukuma ya sauka a tashar Gusau tare da ma'aunin gyaɗa da auduga. Har yau alamar saɓanin tana nan ga mai lura: da yake an ƙulla lokacin hukuma a kan wani layi da ke can gabas da mu ƙwarai, rana ba ta kaiwa tsaka a Gusau da ƙarfe 12, sai bayan kimanin rabin sa'a. Malamai ba su ƙi agogo ba, amma sun ajiye shi a matsayin hadimi, suna gwada shi da rana, suna gyara jadawalin masallaci bisa ga abin da ido ya tabbatar.

Da farko agogo kayan aiki ne na akawu da malamin asibiti da shugaban tasha da wakilan kamfanonin ciniki. Sannu a hankali ya fita daga aljihu ya hau hannu, ya zama shaidar wadata ga dillalan gyaɗa da hakimai, har aka yi masa kirari da sarkin aiki. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka yawaita, jirgin sama kuma ya sauƙaƙa aikin Hajji, tsarabar alhazai daga Makka da Jidda ba ta cika sai da agogo, irin su Rado da Seiko da Orient da Citizen. Da wannan ne sana'ar gyaran agogo ta kafu a bakin kasuwa: mutum zaune bayan ɗan akwatin gilashi, madubi maƙale a kwarmin ido, hantsaki a hannu, yana tsamo ƙafafun agogo masu haƙora daga ɗan gwangwanin fetur, yana jera su a kan farin ƙyalle, yana ɗiga mai da bakin allura a kan ƙwayoyin yaƙutu 17 da ƙarafan ke juyawa a kansu. Irin wannan agogo mai wani ba shi da batir. Ƙarfinsa yana cikin wani siririn ƙarfe naɗaɗɗe da ke warwarewa a hankali, wata 'yar ƙafa kuma tana kai da komo, bugu biyar zuwa takwas a daƙiƙa, tana tsare shi kada ya saki ƙarfinsa gaba ɗaya.

Su kuwa manyan agogunan alfarma, masu fuska mai zanen hannu, asalinsu yana komawa ga birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. A tsakiyar ƙarni na 16 malamin Kirista John Calvin ya tsananta wajen hana ado da kayan ƙawa, sai maƙeran zinariya, da suka ga kasuwarsu ta mutu, suka mai da gwanintarsu ga agogo, wanda ake yi wa kallon abin amfani, har suka kafa ƙungiyarsu a 1601. Daga wannan haɗuwa ta mai hisabi da mai naƙashi gidaje irin su Vacheron Constantin na 1755 da Patek Philippe na 1839 suka fito. Breguet, wanda ya yi aikinsa a birnin Paris ya rasu a 1823, shi ya shahara da fuskar azurfa mai zanen layuka sirara masu saɓa wa juna, waɗanda ake yankawa da wata na'ura da hannu ke juyawa, domin su kashe ƙyalli su bayyana lambobi. Da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir a ƙarshen 1969, wanda ya fi kowane mai wani daidaito, masu aikin agogo a Suwizalan sun ragu daga wajen 90,000 zuwa wajen 30,000 cikin shekara 15. Cikin abubuwan da suka cece su akwai komawa ga abin da inji ba ya iyawa, watau aikin hannu, kuma a 2020 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam.

A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tuntuntuni, domin rabi na biyu na wannan sana'a, watau naƙashi a kan ƙarfe, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeran fari, waɗanda suka bambanta da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, sun daɗe suna narkar da kuɗin azurfa masu hoton Mariya Tariza da shekarar 1780, suna zuba munduwa da awarwaro da zobe, suna ƙawata likkafa da linzami da kuben takobi, da ɗan masaba da magagari da ƙarfen zane mai kaifin baki, ba tare da sun fara zana komai a takarda ba. Dagi da sauran siffofin da suke fitarwa 'yan uwan waɗanda ke kan allon zayyana ne, kuma natsuwar da aikin ke bukata ita ce dai wadda ake biyan dukiya mai yawa dominta a Janeba.

Ashe ke nan Allah ya ba wannan ƙasa ilmin miƙati, watau sanin lokaci, ya kuma ba ta hannun naƙashi, sai dai ba a taɓa haɗa su cikin abu guda ba, yanzu kuma dukkansu biyu suna ja da baya: wayar hannu ta ɗauke wa ladan awon inuwa, agogon roba mai araha ya rage wa mai gyara ciniki, kayan ado na inji sun cika rumfunan da maƙeran fari ke kai kaya. Ba laifi ba ne mai wadata ya ɗaura agogo mai tsada idan halaliyarsa ce kuma ya fitar da haƙƙin Allah a dukiyarsa, amma wanda ya san darajar zanen hannun baƙo, ya wajaba ya san ta maƙwabcinsa. Da makarantun sana'a na Gusau za su zaunar da tsofaffin masu gyara da maƙeran fari su koyar da yara, makarantun ilmi kuma su riƙa fitar da ɗalibai fili su auna zawali da ƙafarsu kamar yadda littafi ya tsara, masu hali kuma su riƙa ba da aikin azurfa a gida su biya shi da kyau, da an tsare amanar da magabata suka bari. Allah ya ba shugabanni da attajirai ikon yin haka tun masu sanin suna raye.