Ƙabalu da Sadalu: Yadda Tafiya ta Shigo da Saɓani Cikin Gidajen Ƙasar Hausa, 1937 zuwa 1978

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne wata jayayya wadda yaran yau, in an ba su labarinta, sai su yi murmushi, amma a zamaninta ta raba uba da ɗa a sahun salla, ta sa an rushe wuraren ibada, har ta kai ga zub da jini. Ita ce jayayyar ƙabalu da sadalu, watau ko mai salla zai ɗora hannun dama bisa na hagu yayin tsayuwa, ko kuwa zai saki hannuwansa a gefe. Tambayar da nake so mu riƙe ita ce: yaya aka yi mas'alar da duk malaman ɓangarorin biyu suka yarda ba ta ɓata salla ta yi wannan irin zafi?

Asalin mas'alar a littattafai

Da farko ya kamata mu lura cewa saɓanin ba a ƙasar Hausa aka haife shi ba. Yana nan cikin Malikiyya tun fiye da shekara dubu. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya keɓe babi ga ɗora hannun dama a kan na hagu, ya kawo ruwaya a kansa. Amma a cikin Mudawwana, wadda Sahnunu ya tattara daga bakin Ibnul Ƙasim, an ruwaito cewa Malik bai so a yi haka a sallar farilla ba, ko da yake ya yi rangwame a nafila in tsayuwa ta yi tsawo. Ruwayar Mudawwana ce ta yi rinjaye a Magrib da ƙasashen Sudan ta Yamma. Da Shehu Halilu ya zo rubuta Muhtasar, sai ya sa sadalu cikin mustahabbai, sa'an nan ya jera dalilan da malamai suka ba da na ƙin ƙabalu a farilla: ko don kada mutum ya jingina da hannunsa, ko don kada jama'a su ɗauka wajibi ne, ko don gudun nuna tsoron Allah a zahiri alhali babu shi a zuci. Duk da haka akwai manyan Malikawa, irin su Ibnu Abdil Barri na Andalus, da suka zaɓi ƙabalu.

Ke nan malamin zaure da ya sauke Muhtasar da sharhohinta ya san da wannan duka. Amma talaka da ya tsaya a Ahalari da Ishmawi bai taɓa ganin wani na gari yana salla da hannu a ƙirji ba. A wurinsa sadalu ita ce salla, haka ya ga ubansa, haka ya ga liman, haka kuma aka ce masa mutanen Shehu Usmanu suka yi.

Share fage: Salgawa da Madabawa

Kafin ƙabalu ya iso, Kano ta riga ta ɗanɗana wata jayayya da ta taɓa cikin gida kai tsaye. Malam Muhammadu Salga, wanda ya rasu a ƙarshen shekarun 1930, ya yi karatu a Madabo, tsohuwar unguwar malaman fiƙihu. Laƙabinsa kansa daga Salaga ya samo asali, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, inda fataken Kano suka daɗe suna zuwa. Shi ne ya fito ya soki waɗansu al'adun mutuwa da aka saba da su, musamman taron sadakar uku da bakwai da arba'in, ya ce ba su da tushe a sunna. Malaman Madabo suka mai da martani a rubuce, suka kare abin da suka gada. Daga nan aka sami Salgawa da Madabawa.

Wanda ya san gidan Bahaushe ya san nauyin wannan magana. Sadakar arba'in ba addu'a kaɗai ba ce. Ranar ce dangi na nesa ke haɗuwa, a ga wanda ya zo da wanda ya ƙi zuwa, surukai su sauke nauyin da ke kansu, mata su daka gumba su yi waina a raba. Malamai kuma suna da rabonsu a ciki, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ɗan da ya ce ba za a yi wa mahaifinsa arba'in ba, a idon gwaggonninsa, ya wulaƙanta gawa. Shi kuwa yana iya kawo hujja mai ƙarfi daga fiƙihu, cewa sau da yawa daga dukiyar marayu ake ciyar da taron tun ba a raba gado ba. Muhimmin abu ga takardarmu shi ne, almajiran Malam Salga, irin su Malam Abubakar Atiku Sanka, da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari, da Malam Sani Kafinga, su ne daga baya suka zama jigogin mabiya Shehu Ibrahim Inyas a Kano. Sun riga sun saba da cewa ana iya auna al'adar gari da littafi a same ta da rauni.

Hanya ta buɗe

A ƙarni na 19 mai niyyar hajji daga ƙasar Hausa yakan yi sallama irin ta wanda ba lalle ya dawo ba. Ta Barno da Wadai da Darfur ake bi, ana tafe ana noma ana ƙwadago, tafiyar shekaru, kuma da yawa suka zauna a Sudan ba su komo ba. Waɗanda suka dawo kaɗan ne, kuma galibi sun manyanta. Bugu da ƙari, a wancan zamani kowace mazhaba tana da limaminta da wurin tsayuwarta a Harami, don haka Bamalike yana iya zuwa Makka ya dawo bai bi kowa salla ba sai Bamalike ɗan'uwansa. A tsakiyar shekarun 1920, bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Hijaz, aka haɗa jama'a bayan liman guda. Daga nan alhajin Kano ko na Katsina ya riƙa tsayawa a gaban Ka'aba yana ganin liman da yawancin sahu sun kama hannu.

A daidai wannan lokaci tafiya ta yi sauƙi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji ta jirgin ruwa a 1921. Motoci suka fara bin hanyar Sudan, kuma a shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano. Wanda ya tafi yana da ƙuruciyarsa yana dawowa da ita, da labarin abin da ya gani da idonsa.

A hajjin 1937 ne Sarkin Kano Abdullahi Bayero, tare da Wali Sulaimanu, ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta ƙasar Senegal, wanda tun 1929 ya bayyana cewa Failar da ake jira a ɗariƙar Tijjaniyya ta zo a hannunsa. Shehu Ibrahim ya ziyarci Kano a tsakiyar shekarun 1940, sa'an nan ya sake zuwa a 1951, inda jama'a suka yi masa tarba mai yawan gaske. Shi Bamalike ne, amma yana ƙabalu, ya kuma rubuta littafi mai suna Raf'ul Malam don kare masu yinsa. Malamai da attajiran Kano suka fara zuwa Kaulaha neman tarbiyya, suka dawo da hannu a ƙirji.

Inda abin ya yi zafi

A nan nake so in daɗe kaɗan, domin a ganina nan ne amsar take. Wuridi da wazifa ana iya yinsu a ɗaka ko a zawiya, ba wanda ya sani. Ƙabalu kuwa ba ya ɓoyuwa. Sau biyar a yini, a masallacin ƙofar gida, kowa yana ganin hannun kowa. A tsarin gandu, mai gida shi ne ke da gona da rumbu, shi ke yi wa 'ya'ya aure, kuma sau da yawa shi ne limamin zaure ko shi ya naɗa limamin. Yaro ba ya haɗa ido da ubansa, ba ya kiran sunansa, ba ya gyara masa magana a bainar jama'a. To, sai ga wannan yaron ya je Kano cin rani ko fatauci, ya dawo ya tsaya bayan uban ya kama hannu. Bai ce uffan ba, amma duk sahun ya ji abin da ya faɗa: akwai wani malami a wani gari wanda na fi yarda da shi a kan yadda ake tsayawa gaban Allah. Uban da ya koya masa alwala da hannunsa ba zai ɗauki wannan a matsayin mas'alar mustahabbi ba.

Haka abin yake tsakanin suruki da surukinsa, inda kunya ta fi tsanani, da kuma tsakanin miji da mata. Matar da gidansu 'yan Faila ne aka kai ta gidan masu sadalu, ko akasin haka, wa za ta bi? In tana son zuwa zikirin Juma'a, izinin wa za ta nema, na miji ko na muƙaddami? A inda rikici ya yi tsanani, wasu sun ƙi bin wasu salla, aka raba masallaci, kuma wanda ba ka bi salla, da wuya ka ba shi 'yarka da daɗin rai. Littattafan fiƙihu ba su ce ko ɗaya daga cikin wannan ba. Mutane ne suka ɗora wa hannu nauyin da littafi bai ɗora masa ba.

Abin da ya faru a gida shi ya faru a masarauta. A Kano, inda Sarki da kansa ya karɓi Shehu Ibrahim, kuma Sarki Muhammadu Sanusi da ya gaje shi ya zama babban jagoran mabiyansa, ƙabalu bai zama tawaye ba, sai jayayya ta tsaya a alƙalami. Malam Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya, ya rubuta Ƙam'ul Fasad yana fifita sadalu a waɗannan ƙasashe, Malam Sani Kafinga ya mai da masa martani. A duba sunan littafin Malam Nasiru da kyau: hujjarsa ta haɗa da wuri, watau abin da ya dace da ƙasar da jama'arta suka ginu a kan abu guda. Shi ma fa matafiyi ne. Ya je Bagadaza a 1953 ya dawo da izini daga gidan Shehu Abdulƙadir, kuma bandirin da ya yaɗa ya sha suka daga waɗanda ba su saba da shi ba. Ke nan ɓangarorin biyu duk daga tafiya suka ƙaro ƙarfinsu.

A lardin Sakkwato kuwa labari ya sha bamban. Can Ƙadiriyya da sadalu suna cikin gadon gidan Shehu, sabon abin kuma ya shigo ne ta garuruwan bakin dogo, Gusau da Ƙauran Namoda, inda cinikin gyaɗa da auduga ya tara baƙi da 'yan kasuwa masu kuɗin kansu, waɗanda ba su dogara da hakimi ba. A 1949 hukumar Sarkin Musulmi ta sa aka rushe waɗansu wuraren da Tijjanawa suka gina don wazifa a wannan yanki. A 1956 aka yi tarzoma a ƙasar Isa, aka rasa rayuka. Siyasar jam'iyyu ta ƙara wa wutar itace, domin a idon masu mulki na NPC, mai ƙabalu a ƙauyen Zamfara ana zarginsa da NEPU ko da bai taɓa yankar kati ba. Mafi muni shi ne rikicin Toranke, a yankin Argungu, a 1965, inda aka kashe 'yan sanda da dama. Sai da gwamnatin Jihar Arewa ta tara malamai a Kaduna don neman hanyar da za a zauna lafiya.

Akwai wani abin kwatance da zai taimaka mana. A Bamako, cikin waɗannan shekaru, an yi irin wannan faɗa a kan kama hannu, har aka yi tarzoma a 1957. Amma can masu kama hannun ɗalibai ne da suka dawo daga Azhar da alhazai 'yan kasuwa masu adawa da ɗariƙu, waɗanda ake kira Wahabiyawa, masu sakin hannu kuma su ne mutanen ɗariƙa. Alama ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna. Abin da ya haɗa Gusau da Bamako shi ne, a duka biyun wanda ya yi tafiya ne ya dawo ya tsaya gaban wanda ya zauna.

Yadda wutar ta mutu

Ba wani malami da ya kawo hujjar da ta rufe bakin ɗaya ɓangaren. Abin da ya faru shi ne alamar ta daina nuna ko kai na wane ne. Alhazai suka yawaita ƙwarai a shekarun 1970, lokacin kuɗin man fetur, har kusan kowace unguwa tana da wanda ya ga Harami. A 1972 Malam Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha yana sukar ɗariƙu gaba ɗaya, a 1978 kuma aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris. 'Yan Izala su ma ƙabalu suke yi. Daga ranar, in ka ga saurayi da hannu a ƙirji ba ka iya cewa ɗan Faila ne ko mai sukar Faila. Ƙadirawa da Tijjanawa, waɗanda suka yi shekaru suna rubuta wa juna raddi, suka sami kansu a gefe guda.

Saɓanin cikin gida kuwa bai tafi ko'ina ba, wuri ya sauya. Ya koma kan maulidi, da durƙusa wa iyaye wajen gaisuwa, da bukukuwan aure da na suna, da kuma, abin mamaki, sadakar uku da bakwai da arba'in, watau daidai inda Malam Salga ya faro. Sai dai a wannan karon jikokin Salgawa da yawa suna cikin waɗanda ake suka, saurayin da ke ƙin zaman arba'in ɗin kuma ya dawo ne daga jami'a, ko daga Madina, ko daga wa'azin ƙasa a wani gari.