Matar Macbeth a Fim: Haihuwa, Gado da Kuskuren Knights

A 1933 L. C. Knights ya fitar da maƙalar da takenta ke tambayar ’ya’ya nawa matar Macbeth ta haifa, domin ya yi wa mabiya A. C. Bradley (1904) ba’a. Duk wanda ya karanci adabin Ingilishi a jami’o’inmu ya san matsayin Knights: wasan Shakespeare waƙa ce da aka tsara domin dandamali, mutanen cikinta kuwa ba su da wata rayuwa a bayan labule da za a je ana bincika. Har yau akwai malamai a cikinmu da ke koyar da wannan ra’ayi tamkar an gama magana, kuma da shi suke yanke wa fina-finan wasan hukunci, su ce duk daraktan da ya ba matar ɗa ko ciki ya yi wa marubucin shisshigi. A ganina wannan hukunci bai tsaya da ƙafafunsa ba, kuma fina-finan ne suka fi nuna rauninsa.

Wasan da kansa, wanda aka rubuta wajen 1606, shi ya buɗe ƙofar. Matar ta ce ta taɓa shayarwa. Macbeth yana kukan cewa rawanin da ya samu ba shi da magaji, bokaye kuma zuriyar abokinsa Banquo suka yi wa albishir da sarauta. Mai karatu yana iya tsallake wannan giɓi. Darakta ba shi da wannan dama, domin dole ya zaɓi shekarun jarumar da yanayin jikinta, ya kuma yanke ko za a ji kukan yaro a gidan.

Akira Kurosawa, a fim ɗinsa na 1957, ya mayar da labarin Japan ta zamanin mayaƙa. Asaji, wadda Isuzu Yamada ta fito a matsayinta, ba ta ɗaga murya, fuskarta a daskare irin ta wasan gargajiyar Noh. Lokacin da mijinta Washizu ya yi niyyar naɗa ɗan amininsa Miki magaji, sai ta shaida masa tana da juna biyu. Wannan magana ce ta yi ajalin Miki. Aka haifi jaririn babu rai, daga nan hankalinta ya gushe. Vishal Bhardwaj, a Maqbool (2003), ya kai labarin cikin ’yan dabar Mumbai. Nimmi, wato Tabu, daduron Abbaji, shugaban ’yan dabar, ce, ba ta da igiyar aure ballantana rabo a gidansa, ga kuma ’yarsa Sameera za ta auri Guddu, wanda zai gaji kujerar. Nimmi, wadda ke soyayya da Maqbool, na hannun daman Abbaji, ta yi ciki, aka shiga shakkar waye uban, ta haihu, ta rasu, jaririn ya koma hannun Guddu da Sameera. Justin Kurzel (2015) da jana’izar ɗan Macbeth da matarsa ya buɗe fim ɗinsa, Marion Cotillard kuma ta yi sambatunta na ƙarshe tana kallon yaron da ya mutu. Joel Coen (2021) ya ɗauko Frances McDormand da Denzel Washington, dukansu sun haura sittin, ma’auratan da haihuwa ta riga ta wuce su.

Ƙorafin da ya fi nauyi a hannun almajiran Knights shi ne cewa wannan duk neman uzuri ne. Suna cewa Shakespeare ya zana mace da ta zaɓi sharri da hankalinta, ta roƙi a cire mata tausayi. Idan aka rataya mata ciki ko gawar ɗa, an mayar da zunubi jinya, mai kallo zai tausaya a inda ya kamata ya firgita. Maganar tana da ƙamshin gaskiya game da Kurzel, wanda ya bar hawayen uwa suka kusa wanke jinin Sarki Duncan, har ya tsayar da ita tana kuka a lokacin da ake ƙona iyalan Macduff, abokin gabar Macbeth. Amma ƙorafin bai kama Kurosawa ba ko kaɗan. Asaji ce mafi bushewar zuciya a cikin matan nan, kuma cikin nata shi ne makaminta. Nimmi ma ba a wanke ta ba, ita ta riƙa zuga Maqbool har ya harbe ubangidansa a kan gadonsa. Bayyana dalilin laifi daban, yafe shi daban, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne inda masu wannan ra’ayi suka yi tuntuɓe.

Suna kuma cewa batun magaji tarihi ne da ke wajen wasan. Gaskiya ne Gruoch, matar Macbeth ta ainihi, tana da ɗa, Lulach, daga mijinta na farko, Shakespeare kuwa bai ambace shi ba. Sai dai ba Lulach daraktocin suka dawo da shi ba. Damuwar gado suka ɗauka, wadda ke cikin wasan tun daga albishir ɗin bokaye har jerin sarakunan da aka nuna wa Macbeth, a zamanin Sarki James da ake dangantawa da zuriyar Banquo.

A nan ne nake ganin ɗalibin da ya taso a karkarar arewacin Kano, a ƙasar Dambatta, Bichi ko Minjibir, yake da fahimtar da bai kamata aji ya danne ba. Ayyukan Michael Mortimore da na Polly Hill (1977) sun bayyana yadda gonakin kewayen Kano suke manne da juna, ana noma su kowace damina da taki, babu dajin da za a share. A irin wannan wuri gona ta gado ce. Idan gandu ya watse bayan rasuwar maigida, mata tumuni za su raba in akwai ’ya’ya, rubu’i in babu, sauran ya tafi ga ’ya’ya da dangin miji. Macen da ba ta haihu ba ta san cewa kakar da ta sha wahalarta ’ya’yan kishiya ko ’yan’uwan miji za su ci. Wanda ya san wannan ba ya buƙatar a fassara masa abin da ya tayar da hankalin Asaji da ta ji za a naɗa ɗan Miki, kuma sanin bai hana shi kiran abin da ta yi kisan kai ba.

Dole a taƙaita da’awar daidai da hujja. Orson Welles (1948) da Roman Polanski (1971) ba su gina matar a kan haihuwa ba. Jeanette Nolan mai tsawa ce da izza, Francesca Annis kuwa matashiya mai lallashi da hawaye, kuma fina-finan biyu sun tsayu. Saboda haka ba za a ce wannan ce kaɗai hanyar fahimtarta ba. Abin da za a iya cewa shi ne daraktoci huɗu, daga Japan, Indiya, Ostireliya da Amurka, cikin shekara 64, kowa ya kama zare ɗaya, kuma zaren a cikin rubutun Shakespeare yake. Zai yi wuya hakan ya zama katari.

Knights ya yi daidai da ya hana a ƙirga ’ya’yan, domin babu adadi a wasan. Ya yi kuskure da ya sa aka ɗauki tambayar kanta abin dariya. Malaman da ke koyar da Macbeth a kwalejoji da jami’o’in Arewa su nuna wa ɗalibai Kurosawa da Bhardwaj tare da littafin, su kuma bar su su kawo abin da suka sani game da gado da kishi cikin muhawarar.