Zanen Siffofi Mai Haɗe da Sassaƙa

Zanen siffofi mai haɗe da sassaƙa wani reshe ne na fasahar zamani da ba ya kwaikwayon mutum ko dabba ko itace. Kayan aikinsa murabba'i ne da alwatika da da'ira da miƙaƙƙen layi da launi. Abin da ya raba shi da sauran zanen siffofi shi ne ba ya kwanciya lumui a jikin bango. Yakan yi kauri, ya turo kai waje, ya jefa inuwa, wani lokacin ma ya sauka ƙasa gaba ɗaya har mai kallo ya zagaya shi. Shi ya sa gidajen baje kolin fasaha suka daɗe suna rasa ɗakin da za su ajiye shi, na masu zane ko na masassaƙa.

Tushensa yana Rasha. A watan Disambar 1915, a wani baje koli mai suna 0,10 da aka yi a birnin Petrograd, Kazimir Malevich ya rataya zanen baƙin murabba'i a kan farin fili, can sama a kusurwar ɗaki, wurin da Kiristocin Rasha kan ajiye hotunan ibada a gidajensu. A wannan baje kolin kuma Vladimir Tatlin ya ɗaure ƙarafa da katako da waya ya shimfiɗa su tsakanin bango biyu. Malevich ya rage zane har ya koma siffa guda, Tatlin kuwa ya ɓamɓaro shi daga bango. Daga baya a Holan, Piet Mondrian da Theo van Doesburg na ƙungiyar De Stijl, wadda aka kafa a 1917, suka taƙaita launukansu ga ja da rawaya da shuɗi, tare da baƙi da fari da ruwan toka.

Amma waɗanda suka fito fili suka yi wa firam tawaye suna Kudancin Amurka, kuma littattafan tarihi sun jima ba su ba su haƙƙinsu ba. A 1944, a mujallar Arturo ta Buenos Aires, Rhod Rothfuss ɗan Yurugwai ya yi rubutu a kan firam. Hujjarsa ita ce firam mai kusurwa huɗu yana mayar da zane taga, mai kallo ya riƙa zaton akwai sauran abu a bayanta, don haka kamata ya yi bakin zane ya bi siffar da ke cikinsa. A 1946 shi da Gyula Kosice da Carmelo Arden Quin suka kafa ƙungiyar Madí, suna yanka allunansu a karkace, wasu ma da gaɓoɓi masu motsi.

A Burazil abin ya ƙara nisa. Marubuci Ferreira Gullar ya fitar da sanarwar ƙungiyar Neoconcreto a Rio de Janeiro a 1959. Hélio Oiticica ya shafe falankai da ruwan ɗorawa da ja ya rataye su daga silin. Lygia Clark kuwa a 1960 ta soma ayyukan da ta kira Bichos, wato ƙananan halittu. Yankakkun farantan alminiyom ne, wasu alwatika wasu rabin da'ira, an haɗa su da hinji irin na ƙofa. Mai kallo ne zai ɗauka ya naɗe, ya buɗe, ya juya. Ya tura ɓangare ɗaya, wani ɓangaren ya faɗo masa ta inda bai zata ba. Abin ba shi da gaba ko baya, ba shi da tsayuwar da za a ce ita ce daidai. Abin takaici, yau na asalin sun yi tsadar da akasari sai dai a leƙe su ta bayan gilashi.

New York ta iso daga baya, amma ita ce ta fi amo. Frank Stella ya yi suna a 1959 da baƙaƙen zane masu siraran layuka, a 1960 kuma ya fara gutsure kusurwoyin allunansa don su bi layukan. Gidan baje kolin fasaha na Guggenheim ya nuna irin waɗannan alluna a 1964, Donald Judd kuma ya rubuta a 1965 cewa rabi ko fiye na mafi kyawun sababbin ayyuka ba zane ba ne, ba kuma sassaƙa ba. A farkon shekarun 1970 Stella ya yi jerin ayyuka da katako da kwali da tsumma, yana raɗa musu sunayen garuruwan Polan inda aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa na katako a zamanin 'yan Nazi. Daga nan ayyukansa suka yi ta kumbura suna barin bango har rasuwarsa a 2024.

Mata biyu sun nuna yadda yabo kan makara a wannan fage. Carmen Herrera, haifaffiyar Habana ta Kyuba a 1915, ta karanta ilimin zanen gine-gine kafin ta koma zane. Tun shekarun 1960 ta tsara ayyukanta masu kauri da ta kira Estructuras, amma yawancinsu suka zauna a takarda saboda rashin kuɗi. Sai a 2004, tana da shekara 89, kasuwa ta buɗe mata, gidan baje kolin fasaha na Whitney kuma ya nuna ayyukanta a 2016. Ta rasu a 2022 tana da shekara 106. Monir Farmanfarmaian ta Iran ta ɗauko nata salon daga adon madubi na hubbaren Shah Cheragh da ke Shiraz, ta yi aiki da magina masu wannan sana'a, tana jera gutsattsarin madubi a kan siffofi masu kusurwa shida da takwas na lissafin adon Musulunci. An buɗe gidan ajiye ayyukanta a Tehran a 2017, ƙasa da shekara biyu kafin rasuwarta.